Oga yana kan waya, saƙo kuma ba ya jira: yadda ake shiga kiran abokin aiki a wayar ofis

Duk wanda ya taɓa kiran wata lamba ya ji "tut... tut... tut" ya san abin da ake nufi: mai layin yana magana da wani, sai an jima. A wayar hannu iyakar abin ke nan, ko ka sake gwadawa ko ka tura saƙon tes. Amma a wayar tebur irin ta ofis, wadda ake gani a asibitoci da bankuna da otal-otal da ofisoshin manyan makarantu, wannan sautin ba shi ne ƙarshen magana ba. Akwai maɓallin da in aka danna, mutum zai faɗa tsakiyar hirar mutum biyu, su ji muryarsa ya ji tasu. Akwai ma wanda in aka danna, shi zai ji su, su kuwa ba su san yana nan ba.

Da yawanku nan da 'yan shekaru za ku zauna gaban irin wannan waya, ko a wajen koyon aiki lokacin karatun gaba da sakandare, ko a bautar ƙasa, ko a teburin karɓar baƙi na wani kamfani. Sabon shiga a ofis shi ake aika, shi ake cewa "kira mini wane yanzu-yanzu". Ranar da aka ce maka yanzu-yanzu, ka kira ka ji wane yana kan layi, dole ka yanke shawara cikin daƙiƙa kaɗan, kuma shawarar tana iya ceton wani ko ta zubar maka da mutunci.

Ƙaramin gidan waya a cikin gini

Wayoyin da ke kan teburorin ofis ba kowace ke da layinta na waje ba. Duka suna haɗuwa ne a wani akwati da ake ajiyewa a ɗakin na'urori, wanda masana ke kira PBX. A taƙaice ƙaramin gidan waya ne na ofishin kaɗai. Kowane tebur yana da gajeriyar lamba, kamar 101 ko 214, ita ake kira ekstenshan. In mai 101 ya kira mai 214, kiran ba ya fita daga ginin, kuma ba a biyan kamfanin waya ko kwabo. In kuwa waje za a kira, a yawancin ofisoshi sai an fara danna 9 ko 0, sannan akwatin ya ba mutum ɗaya daga cikin layukan wajen da ake rabawa.

Ana raba layukan ne saboda ba a taɓa samun dukan ma'aikata a kan waya lokaci guda ba. Ofis mai mutum sittin yana iya wadatuwa da layi takwas. Ga masu tambayar ina amfanin lissafin yiwuwar aukuwar abu da ake koya mana a aji, ga ɗaya nan. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, Agner Krarup Erlang, wanda ya yi aiki a kamfanin tarho na birnin Kwafanhegin, shi ya fitar da lissafin yawan layukan da ake bukata don kada masu kira su riƙa tarar da layi a cike. Ya buga aikinsa a 1909 da 1917, kuma har yau injiniyoyin sadarwa suna auna cunkoson kira da ma'aunin da aka sa wa sunansa.

Abin lura shi ne, akwatin nan ya san halin da kowace waya ke ciki. Ya san wadda ke ajiye, ya san wadda ke ƙara, ya san wadda aka ɗaga da wanda ake magana da shi. Muryoyin ma ta cikinsa suke bi. Saboda haka ƙara mutum na uku a cikin hirar mutum biyu ba wani aiki ba ne a wurinsa. Abin da yake dubawa kawai shi ne ko an ba wannan tebur izinin yin hakan.

Daga hannun ofareta zuwa maɓalli

Shiga kiran mutane ya girmi maɓallin da ake yin sa da shi. Gidan haɗa kira na kasuwanci na farko an buɗe shi ne a garin New Haven na Amurka a watan Janairun 1878, da masu waya 21. A lokacin babu buga lamba. Mutum zai ɗaga waya ya gaya wa ofareta wanda yake nema, shi kuma ya haɗa su da hannu a kan wani allo. Da farko samari matasa aka ɗauka aikin, sai aka ga sun cika wasa da tsiwa ga masu kira. A watan Satumbar wannan shekarar aka ɗauki Emma Nutt a birnin Boston, mace ta farko a aikin, daga nan kuma mata suka mamaye shi.

Ofareta tana iya shiga kowace hira da ke kan allonta, domin igiyar tana hannunta. Wannan yana da amfani. Idan gobara ta tashi ko ana neman likita cikin dare, sai ta shiga ta ce a yi haƙuri, ana neman wane da gaggawa. Amma kuma duk sirrin gari yana bi ta kunnenta, kuma ita ke da ikon zaɓar inda kira zai je. Ana ba da labarin cewa wani mai sana'ar shirya jana'iza a Kansas City, Almon Strowger, ya zargi cewa ana karkatar da kiran masu nemansa zuwa ga abokin gasarsa, shi ya sa ya zauna ya ƙirƙiri na'urar da za ta haɗa kira ba tare da mutum ba. Ya samu takardar mallakar ƙirƙirar a 1891, kuma a 1892 aka fara amfani da ita a garin La Porte na jihar Indiyana.

Da na'ura ta karɓi aikin, sai aka bukaci hanyar gaya wa mai kira cewa layi a cike yake, tunda babu bakin da zai faɗa. Nan aka samu sautin "tut... tut". A Amurka sauti biyu ake haɗawa, mai kaɗawa 480 da mai kaɗawa 620 a daƙiƙa, ya yi rabin daƙiƙa ya yi shiru rabin daƙiƙa. A ƙasashen Turai da yawa sauti ɗaya ne mai kaɗawa 425. Duk da haka kamfanonin waya na Amurka sun daɗe suna barin ƙofa guda: wanda ke da uzuri mai ƙarfi yana iya kiran ofareta ta duba ko da gaske ana magana a layin, in ya nema ta shiga ta sanar cewa wani yana jira da batun gaggawa, kuma ana cajin kuɗi a kan haka. Maɓallan da ke wayar ofis a yau gadon wannan aikin nata ne, an dai rarraba shi ga teburori.

Daga tsayawa a ƙofar gida zuwa faɗawa ɗaki

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar zaɓin da akwatin ke bayarwa ita ce a tuna yadda muke shiga gidan mutane. Wani yakan tsaya a waje ya jira mai gida ya fito. Wani ya yi sallama daga zaure. Wani ya aika yaro ya raɗa masa a kunne. Wani kuma ya ɗaga labule ya faɗa ɗaki. Duk waɗannan suna nan a wayar ofis.

Mafi ladabi a cikinsu shi ne barin na'ura ta yi maka jiran. Ka kira ka ji a cike, sai ka danna lamba guda ka ajiye waya ka ci gaba da aikinka. Da zarar wancan ya ajiye tasa, akwatin zai buga taka, kana ɗagawa ya buga tasa. A na'urorin Panasonic da dama, waɗanda ake yawan samu a ƙananan ofisoshi, lamba 6 ake dannawa yayin da sautin cikar layi ke fita. A ganina wannan ita ce dabarar da aka fi wulaƙantawa a ofis. Mutum zai zauna yana bugawa yana ajiyewa sau goma, alhali danna maɓalli ɗaya ya ishe shi.

Na gaba shi ne sallama daga zaure. Ka aika masa ɗan gajeren sauti a kunnensa, wanda shi kaɗai zai ji, ya san akwai mai jira. Zaɓi yana hannunsa, ko ya dakatar da wancan ya amsa maka, ko ya ƙyale ka. Wannan kam kun san shi, domin wayar hannu ma tana da shi. A layukan GSM, danna *#43# ka buga zai nuna maka ko a kunne yake, *43# yana kunna shi, #43# kuma yana kashewa.

Raɗa ita ce ta uku, kuma ita ta fi ba ni sha'awa. Muryarka za ta shiga kunnen abokin aikinka, amma mutumin da yake magana da shi a can waje ba zai ji komai ba. Kana iya cewa "Malam, baƙin nan sun iso" ya ci gaba da maganarsa kamar ba abin da ya faru. A cibiyoyin amsa kiran kwastomomi da ita ake horar da sababbin ma'aikata: mai koyarwa yana saurare, in sabon ya rikice sai ya raɗa masa amsar.

Sai faɗawa ɗaki. Nan akwatin zai mayar da hirar mutum biyu ta zama ta mutum uku, kowa yana jin kowa. A waɗancan na'urorin Panasonic lamba 3 ce ke yin wannan, a wayoyin Cisco kuma akwai maɓalli na musamman da ke bayyana a fuskar wayar idan ana raba layi ɗaya tsakanin tebura biyu, kamar na shugaba da sakatarensa. Yawancin na'urori sukan saki wani sauti kafin muryar mai shigowa ta fito, domin duk su biyun su san ba su kaɗai ba ne yanzu. Wannan ɗan sautin shi ne gyaran muryar da mutum ke yi kafin ya ɗaga labule, kuma shi ne ya bambanta shigowa da laɓe.

Ba kowane tebur ke da wannan ikon ba. Wanda ya kafa na'urar yakan raba wayoyi rukuni-rukuni, ya ce wannan rukunin yana iya shiga kiran wancan, wancan ba ya iya shiga na wannan. Ko sunan da masu ƙera na'urorin suka ba abin yana nuna don manyan ofis aka yi shi. Kuma kamar yadda ake da mabuɗi haka ake da sakata: mutum yana iya kulle layinsa kada kowa ya shigo. Da can ana yin haka musamman ga layin na'urar faks, domin ko ɗan sautin jiran kira yana iya lalata takardar da ake aikawa.

Wanda ba a tambaye shi ba

A duk hirar da za ka shiga akwai mutum biyu. Ɗaya abokin aikinka ne, ya san ofishin, wataƙila ya san kana da wannan maɓallin. Ɗayan kuwa yana can wani wuri, bai san da zamanka ba. Wataƙila uwa ce tana gaya wa shugabar makaranta dalilin da ya sa ba ta iya biyan kuɗin 'yarta ba, ko majinyaci yana jin sakamakon gwajin jininsa daga bakin likita. Ya saki baki ne saboda ya ɗauka mutum ɗaya ke jin sa. Daƙiƙa biyar da za ka yi a layin kafin ka yi magana ta isa ka ji abin da bai yi niyyar ka ji ba, kuma abin da kunne ya ji ba ya mayarwa.

Wannan ne ya sa sauraro a ɓoye ya fita daban da duk sauran. Fasahar yin sa ba wuya. A 1999 wani matashi Ba'amurke, Mark Spencer, ya rubuta wata manhaja mai suna Asterisk wadda ke mayar da kwamfuta ta zama akwatin wayar ofis, ya kuma bar ta kyauta ga kowa. Ofisoshi da yawa a duniya a kanta suke, musamman yanzu da kiran ke bi ta intanet. A cikinta akwai umarni guda da ke ba da damar saurare shiru, ko raɗa, ko shiga hira gaba ɗaya, kuma a wani tsarinta da ake kira FreePBX lambar 555 ce aka ware wa sauraron. Idan wanda ya kafa na'urar ya yi sakaci bai kulle wannan lambar ba, kowane tebur a ginin yana iya jin hirar wasu.

Samun ƙofa a buɗe ba izini ba ne. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa, ya kuma ambaci hirar tarho da sunanta, tare da gidaje da wasiƙu. A 2023 aka ƙara da dokar kare bayanan mutane, wadda ta ɗora wa ma'aikatu nauyin kula da abin da suke tarawa game da jama'a. Shi ya sa in ka kira banki ko kamfanin waya, kafin a haɗa ka da kowa wata murya takan sanar da kai cewa ana iya naɗar kiran ko sauraronsa. An gaya maka, in ba ka yarda ba ka ajiye. Mai latsa 555 don ya ji abin da wance ke faɗa wa wane bai gaya wa kowa ba. Tun kafin a zo ga doka, an koya mana a Islamiyya cewa Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane, Suratun Nur kuma ta koyar da neman izini kafin shiga gidan wani. Ban ga dalilin da zai sa wannan ya daina aiki don kawai ƙofar ta zama ta waya ba.

To yaushe ake shiga?

Tambayar da nake ganin ta fi amfani ita ce: in na jira minti biyar, me za a rasa, kuma wa zai rasa? A ɗauki ofishin makarantar kwana. Shugaba yana waya da ma'aikatar ilimi. Mai kula da sito yana son mabuɗi: wannan na lamba 6 ne, na'ura ta yi jira. Baƙon da aka ba lokaci ya iso yana zaune: sautin jira ko raɗa sun wadatar, ko ma takarda a rubuta a ajiye masa a gabansa, wadda har yanzu babu na'urar da ta fi ta. Ɗalibi ya faɗi a ɗakin kwana ba ya numfashi daidai, kuma sai da sa hannun shugaba motar makaranta ke fita: a shiga, ko da wa yake magana. A nan wanda ya tsaya yana kunya shi ne mai laifi.

Matsalar ita ce ba kasafai abubuwa ke fitowa fili haka ba, kuma gaggawa takan rikice da matsayi. Babba ya ce a kira masa wane yanzu, ba don wani abu yana ƙonewa ba, sai don bai saba jira ba. Kai ƙarami kana tsakiya. Abin da ya fi shi ne ka mayar masa da bayanin yadda yake: "Ranka ya daɗe, tana kan waya da wani daga waje. In shiga ne, ko in sa ta kira ka da ta gama?" Sau da yawa zai ce a bari ta gama. In ya ce a shiga, shawararsa ce, kuma za ka iya faɗin wanda ya aiko ka.

Idan shigar ta zama dole, yi magana nan take, kada ka yi shiru kana jiran su kai aya, domin wannan shirun laɓe ne ko da ba haka ka nufa ba. Faɗi ko kai wane ne, ka nemi afuwar su biyun, ka faɗi wanda kake nema. "Salamu alaikum, a gafarce ni, daga ofishin karɓar baƙi ne. Malama, ana bukatarki da gaggawa, don Allah ki dakatar da kiran." Shi ke nan. Kada ka zayyana dalilin a gaban baƙon da ke layi, domin sirri hanya biyu yake bi: kamar yadda bai kamata ka ji nasa ba, haka bai kamata ya ji sunan ɗalibin da ya faɗi ba. Bari sai ta danna maɓallin dakatarwa, ta dawo gare ka kai kaɗai. Da ka isar da saƙo kuma ka ajiye, ka tabbata wayarka ta zauna daidai a mazauninta. Waya da aka ajiye a karkace tana iya barin ka a cikin hirar ba ka sani ba, su kuma suna jin duk abin da ake faɗa a ɗakinku.

Wata rana kai ne za ka kasance a kan layin aka shigo maka. Hakkin wanda kake magana da shi yana wuyanka a lokacin. Da ka ji sautin shigowa, katse shi cikin ladabi kafin ya ci gaba da sirrinsa: "Baba, dakata kaɗan, wani ya shigo layin." Kada ka bar shi a dakace yana jin kiɗa babu bayani. In abin zai ɗauki lokaci, karɓi lambarsa ka ce za ka kira, ka kuma kira ɗin.

A ranarka ta farko a kowane ofis, bayan ka san inda masallaci da banɗaki suke, nemi wanda ke kula da wayoyin ka tambaye shi abu uku: wace lamba ce ta jiran layi ya buɗe, waɗanne tebura ne ke iya shiga kiran wasu, kuma ana naɗar kira a nan ko ba a naɗa. Lambobin sun bambanta daga na'ura zuwa na'ura, 6 da 3 na Panasonic ba lallai su yi aiki a wata ba, kuma ofisoshi da yawa suna sauya su. Rubuta amsar a 'yar takarda ka manna a gefen wayar, tare da lambar mai gadi da ta asibitin da ya fi kusa da kuma 112, lambar kiran gaggawa ta ƙasa.